Sunan Da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Babi na Tara

Jamilatu na tsugune bakin rijiya tana cuɗa 'yan rigunan yarinya a cikin daro, sai Inna Delu ta shigo daga zaure da kwanukan ɗumame. Ta ajiye su a ƙasa, ba ta ce a wanke ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai magana, don Inna Delu ba ta ganin kwano da maiƙo ta yi shiru.

"Tsame hannunki, ɗiyata, zo ki ji."

"Inna, bari in ɗauraye."

"Nic ce ki tsame."

Inna Delu ba ita ta haife ta ba. Matar babanta ce, amma ita ta riƙe ta tun mahaifiyarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Jamilatu ta goge hannu a gefen zane, ta bi ta ɗaki.

Damina biyu ke nan da mijinta Ladan ya rasu, ya bar mata ɗiya ɗaya, Sadiyatu. Tana gama takaba ta dawo gidan babanta Malam Attahiru a Mabera. Ba a jima ba wan mijin nata, Alhaji Abdulwahabu, ya aiko yana son ya maye ɗakin ƙanensa. Ɗan kwangila ne, irin waɗanda kuɗin fetur ya tashe su tsaye dare ɗaya, ga sabuwar mota Fijo, ga ƙamshin turare tun daga bakin titi. Ta ce a ba shi haƙuri.

Wanda zuciyarta ta kwanta da shi Hayatu ne, tsohon ɗalibin babanta, malamin daji, wato ma'aikacin gandun daji. A bana gwamnatin soja ta sa shi cikin kwamitin duba hanyar da za a ja wayar wutar lantarki daga Sakkwato ta tsallaka iyaka ta shiga Nijar. Aikinsa shi ne ya bi hanyar da ƙafa, ya ga abin da za a ɓata na gonaki da itatuwa da rijiyoyi da hanyar shanu, ya rubuta, ya sa hannu. Sai da hannunsa katafila za ta shiga.

Alhaji Abdulwahabu kuwa shi ke da kwangilar share hanyar da zuba simintin gindin turakun ƙarfe. Miƙaƙƙiyar hanya yake so, wadda ta ratsa fadama bayan Kwalkwalawa ta bi ta kan wani ƙauye, Gidan Mode. Har ya jibge siminti can, ya sa an fara haƙa ramuka. Hayatu ya ce a'a, sai dai a karkata ta bisa fako, inda babu komai sai geza da sabara.

"Yau da sahe Malam ya haɗa su su biyu," in ji Inna Delu, tana magana ƙasa-ƙasa. "Ina bayan ƙyaure, dut na ji. Alhaji yac ce shi ya janye neman aurenki, kuma ya bar miki yarinya ko gidan wa kika tahi. Amma da sharaɗi. Hayatu ya sa hannu wayag ga ta bi ta fadama."

"In bai sa ba fa?"

"In bai sa ba, ranar da anka ɗaura aurenki da Hayatu, ranar zai aiko mota a ɗauki ɗiyar ƙanensa a kai wa kakarta Gidan Igwai."

Jamilatu ta dafa bango.

"Shi Hayatu mi yac ce?"

Inna Delu ta kau da kai, ta hau gyara ɗaurin kallabin da bai kwance ba.

"Inna, don Allah."

"Yac ce ba ya sa hannu ga ƙarya. Yac ce, 'Alhaji, ɗiyarku ce, ku ke da iko da ita. Ita ma Jamilatu ba wani sabo ke tsakaninsu ba, hannun Inna yarinyar take. Allah ya ba mu wasu.'"

Jamilatu ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta koma bakin rijiya, ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita, har sai da yatsunta suka yi fari.

Ba wani sabo ke tsakaninsu ba.

Gaskiya ne, duk unguwar babu wanda ya taɓa jin ta kira sunan yarinyar. Ɗiyar fari ce, kuma Jamilatu 'yar gidan kunya ce. "Ke" take ce mata, ko "waccan". Ba ta goya ta gaban mutane, ba ta yi mata wasa. In yarinyar ta faɗi a tsakar gida, Jamilatu sai ta dubi wani wuri, Inna Delu ta ɗaga ta. Tsofaffin unguwa har yabonta suke, suna cewa a wannan zamani na rediyo da takalmi mai tsini ba a samun irinta. Ita kanta Sadiyatu "Adda" take ce mata, ta ɗauka yayarta ce.

Amma wa ke fifita koko ya huce kafin a miƙa wa Inna ta ba ta? Wa ke zare ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, ta tura kwanon gefe kamar ba da gangan ba? Lokacin da ƙyanda ta kama yarinyar bara, wa ya rame har awarwaro na zamewa daga hannu? Babu wanda ya gani, don an koya mata kada a gani. Ta iya ɓoyon sosai har mutumin da take so ya yarda.

Yinin ranar gidan ya yi mata faɗi. Ta shiga ɗaki ta fita, ta tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Ba ta da uwa, ba ta da 'yar'uwa ciki ɗaya, ƙawayenta na makarantar allo duk suna ɗakunan mazajensu. Ko da suna nan, me za ta ce? Ta ce tana son ɗiyarta? Da wane baki?

Sadiyatu na gindin darbejiya tana dafa tuwon ƙasa a marfin gwangwani. Jamilatu ta tsaya bayan labule tana kallon ƙeyarta, inda kitson ya fara tsufa.

* * *

Bayan la'asar aka ce ana sallama da Jamilatu a ƙaramin soro.

Hayatu na zaune bakin tabarma, takalmansa na daji a waje sun yi buɗu-buɗu da ƙura, hannun rigarsa da ɗigon jan fenti irin wanda ake shafa wa itacen da za a sare. Ya turo ƙullin goriba gabanta.

"Mutanen fadama sunka ba ni. A ba yarinya."

Ta zauna can nesa, ta ba shi gefe. Ba ta taɓa ƙullin ba.

"Ranki ya daɗe, yau ko gaisuwa babu? Ko an hana bazawara dariya ne, dokar soja?"

"Ina wuni."

Ya dube ta da kyau, murmushin ya gudu.

"An gaya miki."

"An gaya min."

"Jamilatu, ki saurare ni. Na san maganar ba daɗi. Amma da kin ga wurin nan da idonki..."

"Ba ni labarin wurin," ta ce. "Ba ni labarin ranar da kunka tara mutanen Gidan Mode."

"Ai na ba ki."

"Sake ba ni."

Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara zama.

"Mun tara su gindin tsamiya. Ga wakilin hakimi, ga Baturen kamfani, ga soja biyu da bindiga sun jingina da mota. Aka karanta musu inda waya za ta bi. Aka ce duk abin da ke ƙarƙashinta sai an kawar, ba a barin icce, ba a barin ɗaki. Aka ce, akwai mai magana? Kowa ya sunkuyar da kai. Akawu ya rubuta cewa jama'a sun yarda."

"Sai kai kuma?"

"Ni hankalina bai kwanta ba. Kashegari na koma ni kaɗai, ba mota, ba kaki. Na zauna wajen masu jigo suna ban ruwan albasa, na taya wata tsohuwa jan guga. A nan na ji komai. Hanyar za ta cinye kurmin giginyarsu, wanda da shi suke rufin ɗaki, da shi mata ke saƙar tabarma, muruci ke riƙe su in abinci ya ƙare. Za ta bi ta kan rijiyoyinsu na daɗi. Burtali ɗaya ke gare su da shanu ke sauka mashaya, nan za a kafa turke, ka ga shanu sai cikin gonaki, sai faɗa, sai jini. Tsohuwar nan tana faɗi tana share hawaye da bakin zane."

"Mi kac ce min ranar da ka dawo?"

Ya dubi tabarma.

"Ni ban manta ba. A nan kake zaune. Kac ce, 'Jamilatu, shirun mutum gaban manya ba yarda ba ne. Mai son gaskiya sai ya koma shi kaɗai ya tambaya.' Na ji daɗin maganar nan har na kasa cin tuwo. Nic ce Allah ya ba ni mai gani."

Ta gyara mayafi, ta ci gaba.

"Ka taka ƙafa har Gidan Mode don tsohuwar da ba ka sani ba. Ni da ke nan Mabera, taku kaɗan daga inda kake ɗaukar karatu, ka dawo kai kaɗai ka tambaye ni?"

"Jamilatu..."

"Akawu ya rubuta na yarda, ko?"

Sai a nan hawayen suka zubo. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Hayatu ya dubi ƙullin goribar kamar yau ya fara ganin irinsa.

"Wallahi ban sani ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa ganin kin ɗauke ta ba. Ban taɓa jin..."

"Kai ba Basakkwace ba ne? Innarka ta taɓa kiran sunan yayanku? Don ba ta kira ba, sai ka ce a zo da mota a ɗauke shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ya tuna ranar da yayansu ya tafi yaƙi, yadda innarsu ba ta fito rakiya ba, ta zauna tana kaɗin zare kamar ba abin da ya faru, amma aka yi wata guda tana zuba abinci a kwanonsa tana rufewa.

"Na yi kuskure. Ki yafe min."

"Yafewa mai sauƙi ce. Ba ita nake nema ba." Ta sauke mayafin, ta juyo ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Malam Hayatu, ka sa hannu."

"Mi?"

"Ka sa musu hannu. Takarda ce. In ba ka sa ba, gobe su kawo wani ya sa. Wutar nan ma ba tamu ba ce, ta bisa kanmu za ta wuce ta tafi wata ƙasa, mu nan da fitilar ƙwai muke kwana. Don mi ni zan biya da ɗiyata?"

"Kada ki ce haka."

"Na ce. Giginya ta fi ɗiyata?"

"Ba giginya ba ce, Jamilatu." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Gidan da ke daidai inda turke na farko zai zauna, akwai wata mai jego a ciki. Na ga jaririn, ko suna ba a yi ba. Na tsaya da gwangwanin fenti a ƙofarta, tana kallona ta cikin zana. Ita ma ba ta ce komai ba. In na sa hannu, kafin damina katafila ta bi ta kan ɗakin nan. Ki ce in je in shafa wa ɗakin fenti, in kin ce in shafa..."

Bai ƙarasa ba. Ya sa hannu ya rufe idonsa.

Jamilatu na ganin matar nan kamar a gabanta take, da ɗanyen jiki, da tukunyar ruwan zafi a bayan ɗaki, tana leƙen baƙo ta cikin zana.

"Na janye," ta ce da ƙyar. "Allah ya yafe min. Kada ka shafa."

"To mu gudu. A ɗaura, in nemi canji zuwa Kaduna, mu tafi da ita."

"Da ɗiyar mutane? Alhaji da ke cin abinci da manyan soja? Kafin mu kai Gusau an tare mu. Kuma in bar Baba da wane ido a garin nan?"

"Mu je gaban alƙali."

"Baba ya fi alƙalin karatu, kai ma ka sani. In na auri bare, riƙo ya fita hannuna. Ba ni da uwa, ba ni da 'yar'uwa da zai koma wa, sai kakarta. Tsohuwa ce mai kirki, amma ko gani ba ta yi sosai. Wa zai kula in yarinyar ta yi zazzaɓi? Ba ta cin kuɓewa, tana fitar mata da ƙuraje, wa ya sani in ba ni ba?" Ta share fuska. "In kuwa baffanta na aura, ba mai raba mu. Shi ya sa Alhaji ke barci da minshari."

Hayatu ya ɗago da sauri.

"Za ki aure shi?"

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙullin goribar, ta miƙe.

"Jamilatu, don girman Allah. Za ki aure shi?"

"Baba ya ce gobe bayan Juma'a zai ji ta bakina. Ka zo."

Ta shige gida ta bar shi da tabarma.

* * *

Kashegari bayan an sauko daga masallaci, Fijo ta tsaya ƙofar gida, Landirobar ma'aikatar su Hayatu ta tsaya bayanta. Yaran unguwa suka kewaye Fijon suna leƙa fuskarsu a jikin ƙarfen.

Malam Attahiru na bisa buzunsa a babban zaure. Alhaji Abdulwahabu ya baje babbar riga a dama, yana ɓare goro. Hayatu na can kusa da ƙofa, ya haɗa gwiwa kamar mai jiran a biya masa karatu.

"Malam, ni fa ban zo da faɗa ba," Alhaji ke cewa. "Yaron ga ɗan boko ne, ya ɗauka icce mutum ne. Ƙasa na ci gaba, gwamnati na son a haska maƙwabta, shi yana ƙidayar giginya! Malamin daji, in an ba ka mata sai ka aje ta bisa icce?"

Ya yi dariya shi kaɗai.

"A kira ta," in ji Malam. "Bazawara ita ke da bakinta. Ba na ɗaura mata abin da ba ta ce ba."

A cikin gida Jamilatu ta riga ta yi wanka, ta sa tufafinta masu duhu. Ta ɗauko wani zanen saƙi daga ƙasan adaka, wanda aka saya tun tana da ciki, ba ta taɓa amfani da shi ba. Inna Delu ta bi zanen da kallo.

"Wanga na goyo ne. Ina za ki da shi?"

Jamilatu ta wuce ta, ta tsaya tsakiyar gida. Yarinyar na gindin darbejiya, ta ba ta baya, tana gwaguyar goriba. Daga nan zuwa zaure babu nisa, duk abin da aka faɗa ana ji.

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ta sake gwadawa.

"Sadiyatu."

Inna Delu ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ke! Malam na ji!"

Yarinyar ba ta juyo ba. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin Inna, ta dubi ƙofar gida, tana neman mai kiran. Ta san sunanta, ta san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba.

"Sadiyatu. Ni ce. Zo."

A zaure Alhaji ya tsaya da goro a hannu.

Yarinyar ta taso a hankali tana jan ƙafa, kamar mai tsoron ta yi laifi. Jamilatu ta durƙusa ta juya mata baya. Da yarinyar ta yi turus, sai ta kamo hannunta ta ɗora ta, ta ja zanen ta ɗaure tam a ƙirji. Ta yi girma da goyo, ƙafafunta har cinya. Haka ta shiga zaure, gaban ubanta, gaban wan mijinta, da ɗiyar fari a bayanta.

Malam Attahiru ya dube ta, ya sauke idonsa kan tasbaha. Bai tsawata ba.

Ta durƙusa ta gaishe su, kanta a ƙasa.

"Baba, tambaya gare ni, ta karatu."

"Ina ji."

"In mace mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya, ba ta sake aure ba, wa ke da riƙo?"

"Ita."

"Ko dangin uba sun so karɓa?"

"Ko sun so. In dai tana da hankali da amana, ba mai karɓa."

"Har yaushe?"

Malam ya gane inda ta nufa, muryarsa ta yi nauyi.

"Ɗiya mace, har ta tare ɗakin mijinta."

"To Baba, in ka yarda da ni a gidanka, na zauna. Ba na auren kowa."

Can waje ana jin yara na gardamar wace mota ta fi gudu.

Alhaji ne ya fara farfaɗowa. "Kai! Ji min yarinya! Ke nawa kike? Za ki tsufa kina wanke-wanke gidan ubanki, tsaranki na zuwa Makka? Malam, ka bari tana wagga magana? Kuma dubi abin da ta yi, goyon ɗiyar fari gaban surukai! Ina kunyar da anka ce tana da ita?"

"Yaya Alhaji," ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "kunyar ce ta sa har anka yi cinikin ɗiyata ina cikin gida ban sani ba. Na aje ta. Ɗiyarku ce, ba na musu. Duk ranar da kakarta ta so ganinta, ni zan kawo ta da ƙafata, mu yini. Amma ba a sa ta a sikeli da siminti."

Alhaji ya dubi Malam yana jiran ya yi magana. Malam ya ja tasbaha ɗaya.

"Abin da ta faɗa shi ke cikin littafi, Alhaji. Ba ni na rubuta ba."

Sai Jamilatu ta juya gefen ƙofa. Ba ta dube shi ba, tabarmar gabansa ta duba.

"Malam Hayatu, ka tafi ka rubuta abin da idonka ya gani. Yanzu ba sauran igiyar da za a ja ka da ita."

Hayatu ya sunkuyar da kai. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan jan fentin hannun rigarsa, don yau ma ita ya sa.

Alhaji ya miƙe, ya kaɗe riga, ɓawon goro ya watse.

"Rubuta, malamin daji. Rubuta da kyau. In ban sa an jefa ka inda ko wasiƙa ba ta zuwa ba, ba a haife ni Sakkwato ba."

Ya fita ko sallama babu. Fijo ta tashi da ƙarfi, yara suka watse.

Jamilatu ta miƙe da goyonta, ta koma cikin gida. Ta shige ɗaki ta saki labule. Ba ta kwance zanen ba. Ta tsaya tsakiyar ɗakin tana ɗan jijjiga, irin jijjigar da ake yi wa jariri, wadda ba ta samu ta yi a lokacinta ba.

Ɗakin nan ne dai, da gadon ƙarfe ɗaya, da fitilar ƙwai a kan taga, da adakar da ta fara tara 'yan kwanukan sabon gida a ciki. Nan za ta ga damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Ta dubi adakar, ta kau da kai.

A waje an tayar da Landiroba, amma ba ta motsa ba. Injin na ta kuka a wuri ɗaya.

Inna Delu ta ɗaga labule, idanunta jajur.

"Hayatu bai tahi ba. Yac ce in tambaye ki, shekarun yarinya nawa."

"Ya sani. Huɗu za ta yi."

Inna ta tafi, ta dawo.

"Yac ce in gaya miki, gobe da sahe zai miƙa rahotonsa, ta bisa fako. Kuma yac ce..." Ta tsaya ta share hanci da bakin zane. "Yac ce shi malamin daji ne, aikinsa ke nan ya dasa icce ya jira. Mi zan ce mishi?"

Jamilatu ta runtse ido. Shekara goma ce, ko fiye. Namiji ne, ga dangi, ga Alhaji, ga duniya. Ta san abin da ake faɗa a ƙofar gida da abin da kwanaki ke yi wa magana. Ƙafarta ta ɗaga da kanta ta nufi ƙofa, taku ɗaya.

Sai ta ji ɗan hannu mai danƙon goriba ya taɓa mata kunci ta baya.

"Adda?"

"Na'am."

"Ke kika kira ni ɗazu?"

"Ni ce."

Yarinyar ta yi ɗan tunani, ta kwantar da kai a tsakanin kafaɗunta.

"Sake."

Jamilatu ta mayar da ƙafarta inda take. Ta ƙara ɗaure zanen. A waje injin na nan yana kuka, Inna Delu na tsaye riƙe da labule tana jiran amsa.

"Sadiyatu," ta ce, hawaye na shiga mata baki. "Sadiyatu. Sadiyatu."